Daga Gyartai zuwa Mai Liƙin Roba: Tarihin Facin Mazubi da Jirgin Ruwa a Ƙasar Kazaure

Toshe ɓula da haɗa tsaga a jikin abin da ke riƙe ruwa, ko abin da ke hana ruwa shiga, tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma sau biyu tana sauya kayan aiki. An fara da ɗinki a zamanin ƙwarya da jirgin itace, aka koma ga dalma da guduma da zuwan kwano da garwa, yanzu kuma ana narkar da roba a liƙe ta da 'yar'uwarta. Yankwashi da maƙwabtanta na arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, sun ga waɗannan matakai duka, har ma akwai gidajen da za a tarar da ɗinkakkiyar ƙwarya da facaccen kwano da liƙaƙƙen bokiti a tsakar gida ɗaya.

Yankwashi ƙaramar hukuma ce da aka kafa a 1996, hedikwatarta tana Karkarna, kuma tana cikin masarautar Kazaure wadda Ɗantunku ya kafa wajen 1819. Yankin yana ƙarƙashin Jihar Kano har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jigawa. Ba ƙasar manyan koguna ba ce. Kogin Gari da na Tomas ruwan damina suke ɗauka, da rani kuwa yashi ne ya fi yawa a cikinsu. Saboda haka ruwan sha daga rijiya yake fitowa, kuma abin da aka fi damuwa da lafiyarsa shi ne guga da tulu da ƙwarya, jirgi sai daga baya.

Mai gyaran ƙwarya shi ake kira gyartai. Duma ne ke ba da kusan duk mazuban gida na da: masaki na aikin hatsi, ƙwaryar fura da ta nono, ƙoƙo, ludayi, gora, buta da jallo. Ƙwarya ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, amma faɗuwa ɗaya ta isa ta tsage ta daga baki zuwa gindi. Gyartai yakan huda ƙananan kafofi a jere, dama da hagu na tsagar, da basilla ko tsinken ƙarfe mai kaifi, sa'an nan ya bi su da ɗinki. Zarensa meɗi ne, jijiyar da ake samu daga saiwar kaba. Hikimar wannan zare ita ce idan ya sha ruwa yakan kumbura, shi ma jikin ƙwaryar ya kumbura, sai bakin tsagar ya matse, kafofin su cike. Ɗinkin da ya yi kyau yakan riƙe fura da nono shekara da shekaru. Babban masaki ya fi cancantar wannan wahala, domin ba kowace shekara duma ke ba da irinsa ba. Matan Fulani masu tallan nono da matan gida masu surfe da tankaɗe su ne manyan abokan cinikin gyartai, ladansa kuwa sau da yawa hatsi ne ko abin da ya samu. Duk da amfaninsa, jama'a ba su ɗauki sana'ar da daraja ba, shi ya sa ake karin maganar nan cewa ban da tuna baya, gyartai ya ci sarauta. Wannan raini bai yi wa sana'ar adalci ba, domin gidan da ba shi da masaki lafiyayye ba ya iya sarrafa geron da ya noma.

Duma ya taɓa zama abin hawa ruwa ma. Masunta a fadamun Haɗeja da Nguru, da kuma a kogin Argungu inda ake bikin kamun kifi tun 1934, sukan kwanta a kan ƙatuwar gora su bi ruwa da homa a hannu, bakin gorar yana sama, suna jefa kifin da suka kama a ciki. Gorar da ta tsage ba ta ɗaukar mutum, don haka lafiyarta maganar rai ce.

Jirgin itace kuwa ya daɗe ƙwarai a wannan sashe na duniya. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwale-kwale a binne. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya ɗara mita 8, an fafe shi daga gungumen itace ɗaya, kuma awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato shi ne jirgi mafi tsufa da aka samu a Afirka. Dufuna tana cikin kwarin Tafkin Chadi, kwarin da ruwan Jigawa yake gangarawa. Irin wannan fafaffen jirgi, na maɗaci ko kawo ko maje, shi ne ya yi ta aiki har zuwa ƙarni na 20. Inda babu manyan itatuwa sai a koma ga ɗinki, kamar dai na ƙwarya. Mungo Park ya ga jiragen Segu a kogin Kwara a 1796, kowanne gungume biyu ne da aka fafe aka haɗa su baki da baki. René Caillié, wanda ya bi kogin daga Jenne zuwa Kabara, tashar Tumbuktu, a 1828, ya shiga jirgin da aka ɗinke allunansa da igiya, aka cusa dakakkiyar ciyawa da laka a mahaɗai, ana tafiya ana kwarfe ruwa da ƙwarya. Da katako na zarto da ƙusa suka wadata, sai masu jirgi suka koma cusa auduga ko tsumma a tsaga, su shafe da kwalta, wani lokaci su buga fallen gwangwani a kai.

Ƙasar Kazaure ta samu ruwa mai zama shekara ne da gina madatsu. Gwamnatin Audu Bako, wadda ta mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ita ta ɗauko aikin tare ruwa gadan-gadan, aka kammala Tiga a 1974, aikin ya ci gaba har aka samu madatsar Tomas da ta Gari da ta Muhammadu Ayuba a garin Kazaure. Ruwan da ya kwanta ya jawo kifi, kifi ya jawo masunta, su kuma suka zo da kwale-kwalen katako da buƙatar mai gyaransa.

Kafin nan mazuban gida sun riga sun fara sauyawa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa irin su John Holt suka cika kasuwa da kwanon sha da tasa da langa da fanteka. Garwar kananzir mai galan huɗu, da zarar an juye abin da ke cikinta, sai ta zama mazubin ruwa, daga gare ta ne masu sayar da ruwa suka yi ta ɗauka biyu-biyu a sanda. Daga shekarun 1960 aka fara ƙera kwanuka a Kano kanta, kayan jeren amarya suka tashi daga ƙore zuwa kwano. Ciwon kwano shi ne idan fentinsa ya ɓare tsatsa ta ci gindinsa. Mai gyara yakan kankare wurin, ya ɗiga ruwan batir don dalma ta kama, ya narkar da ita da ƙarfen da ya sha wuta. Idan ɓular ta yi faɗi sai ya yanko falle biyu na gwangwani, ɗaya ciki ɗaya waje, ya ɗaure su da ƙusa ya daddaƙe kanta. A wannan mataki ne wuta ta shiga sana'ar, kuma murhun gawayi da ƙarfen da ake zafafawa su ne mai liƙin roba ya gada.

Ita roba ta masana'anta ba ta daɗe a duniya ba. Leo Baekeland ya haɗa ta farko a Amurka a 1907, irin wadda idan ta daskare ba ta sake narkewa. A 1933 ma'aikatan kamfanin ICI a Ingila suka yi kiciɓis da foliyetilin. Karl Ziegler a Jamus ya gano hanyar yin mai ƙwari daga cikinta a 1953, Giulio Natta a Italiya ya fito da folifurofilin a 1954, su biyun suka raba kyautar Nobel a 1963. Waɗannan iri biyu su ne jikin kusan duk robar da ake gani a kasuwannin ƙauye: jarka da duro da tankin ruwa daga ta farko, bokiti da baho da kujera galibi daga ta biyu. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano suka riƙa fitar da su, 'yan kasuwa suna bin hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura da ta Ɗambatta zuwa Babura suna rarrabawa. Kamfanin sarrafa sinadaran man fetur na Eleme a Jihar Ribas, wanda kamfanin Indorama ya saya a 2006, yana samar da ƙwayar robar a cikin gida. Cikin 'yan shekaru butar alwala ta koma ta roba, guga ya tashi daga fata zuwa tsohon tiyub na mota, masu ga-ruwa suka ajiye garwa suka jera jarkoki masu lita 20 ko 25 a kura.

Da farko an ɗauka roba abin yarwa ce idan ta fashe, tunda tana da araha. Faɗuwar darajar naira daga 1986, lokacin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, ta sauya wannan lissafi. Kayan da ake yin roba da su da injinan ƙera ta duk da kuɗin waje ake sayensu a lokacin, farashi ya hau, sai liƙi ya fi saye sauƙi. Mai liƙin roba ya hau gurbin gyartai, har da yadda yake yawo gida-gida da zama a gefen kasuwa ranar da take ci.

Kayan aikinsa ba su da yawa: gwangwani mai garwashi, ƙarafa biyu ko uku masu faɗin baki, waɗanda sau da yawa tsohuwar wuƙa ce ko guntun zarton ƙarfe, da buhun tarkacen roba kala-kala. Yakan sa ƙarafan duka a wuta don in ɗaya ya huce ya ɗauki wani. Idan aka kawo masa jarkar da ta tsage a kafaɗa, sai ya wanke wurin ya bar shi ya bushe, ya kankare saman da wuƙa har sabon jiki ya fito. Ya ɗana bakin ƙarfe a wurare biyu ko uku don tsagar ta tsaya daidai, sa'an nan ya bi ta yana ɗan buɗa bakinta. Daga nan ya yanko siririn tsiri daga matacciyar jarka, ya ɗora, yana narkar da tsirin da jikin jarkar tare, yana danna su su cakuɗe. A ƙarshe ya shafe saman da gefen ƙarfen. Gwajinsa shi ne ya rufe murfi ya matse jarkar a cikin ruwa, idan kumfa ba ta fito ba aiki ya yi. Inda nauyi ke taruwa, kamar kunnen bokiti ko ƙafar kujera, yakan fara huda kafofi ya ɗinke da waya, ya lulluɓe ɗinkin da narkakkiyar roba. A nan aikin gyartai bai mutu ba, shiga ƙarƙashin liƙi ya yi.

Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne sanin irin roba. Gam ba ya kama foliyetilin da folifurofilin, saboda jikinsu yana da santsi irin na kakin zuma, shi ya sa wuta ce kaɗai mafita. Kuma kowace iri da 'yar'uwarta take haɗuwa. Robar jarka tana narkewa a wajen digiri 130 na ma'aunin Salshiyas, ta bokiti sai ta kai wajen 165. Idan aka liƙa tsirin ɗaya a jikin ɗaya, zai zauna kamar ya kama, amma da an ja shi sai ya ɓalle. Tun 1988 masana'antu suka fara buga lamba a cikin alama mai kusurwa uku a gindin kaya: 1 ga gorar lemo da ta ruwa, 2 ga jarka da duro, 3 ga PVC ta bututun famfo, 4 ga leda, 5 ga folifurofilin. Masu liƙi da yawa ba da lamba suke aiki ba. Suna ganewa da taɓi, da ƙarar da robar ke yi idan an ƙwanƙwasa, da ƙaurinta idan ta ji wuta, domin ta jarka tana ɗiga tana warin kyandir, PVC kuwa hayaƙinta yana shaƙe maƙogwaro kuma yana cutar da huhu. Akwai kuma gwajin ruwa: lamba 2 da 4 da 5 suna tasowa, lamba 1 da 3 suna nutsewa.

Rana ce babbar abokiyar gabar roba a wannan yanki. Haskenta yana tsinka jikin robar a hankali har ta koɗe, ta yi gari-gari a sama, ta riƙa karyewa da ɗan matsi. Wadda ta kai wannan hali ba ta liƙuwa, ana gama nan can zai buɗe, makomarta buhun 'yan jari-bola waɗanda ke kai ta Kano a niƙa a sake narkarwa. Baƙar roba ta fi jure rana saboda baƙin gawayin da ake zuba mata tun a masana'anta, dalilin da ya sa tankunan ruwa da yawa baƙaƙe ne. Haɗari biyu kuma sun zama sananne a sana'ar. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur tana iya kamawa da wuta ko da babu ɗigo a cikinta, sai an wanke ta an bar ta a buɗe tururin ya fita. Tsirin da aka yanko daga mazubin maganin feshi kuwa bai dace da abin ruwan sha ba.

Na'urar waldar roba ta zamani wannan aikin take yi, bambancin shi ne zafinta a kan ma'auni yake. An fara amfani da iska mai zafi wajen haɗa roba a Turai da Amurka wajen shekarun 1940, kuma kamfanin Leister, wanda aka kafa a Jamus a 1949 ya koma Suwizalan daga baya, yana cikin waɗanda suka yi suna da ita. Na'urar tana huro iska mai zafin kusan digiri 300 ta wani siririn baki, mai aiki yana tura sandar roba a cikin tsagar da ɗaya hannun. Fifikonta a kan ƙarfen gawayi a fili yake: ba toka ko baƙin hayaƙi da zai shiga cikin liƙin ya raunana shi, kuma ba a ƙone robar. A birane irin su Kano ana aiki da ita da ƙarfen walda na lantarki wajen gyaran bambar mota da murafun babur da tankunan ruwa. A ƙauyukan Yankwashi da Gwiwa da Roni kuwa gawayi ne ya fi tabbas, domin na'urar tana jan wuta sosai, kuma kuɗin man janareta, musamman bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, yakan fi ladan aikin.

Jirgin ruwa na roba ya fito ne daga hanyar da ake ƙera tankin ruwa. Ana zuba garin foliyetilin a cikin ƙwarangwal na ƙarfe, a zafafa shi ana jujjuyawa har garin ya narke ya lulluɓe bangon ciki, a bar shi ya huce, jirgi ya fito guda ɗaya babu mahaɗi. Kamfanin Hollowform a Amurka ya fitar da ƙaramin kwale-kwale na irin wannan a 1973. Yana jure karo da dutse fiye da katako, ba ya ruɓewa, amma ja a kan tsakuwa yana cinye gindinsa, rana kuma tana gajiyar da shi.

Gyaransa ya fi na jarka tsanani saboda jikin jirgi yana lanƙwasa da kowace igiyar ruwa. Ana fara huda ƙaramar kafa a kowane ƙarshe na tsagar don kada ta ci gaba da tafiya. A fafe bakinta ya yi kwari, faɗi a sama matsi a ƙasa, har kusan rabin kaurin jikin ko fiye. A kankare gefe da gefe, domin fatar da rana ta ci ba ta karɓar liƙi. Sandar cikon dole ta zama irin robar jirgin, kuma mafi aminci shi ne a yanko tsiri daga wani wuri a jikinsa da ba ya taɓa ruwa, ko a gwada a ɓoyayyen wuri a ja da filaya a gani. Ana zafafa jiki da sanda tare har su yi sheƙi, ba har su yi hayaƙi ko su sauya launi ba. Idan hannu na kaiwa, a maimaita ta ciki. Tsaga mai tsawo ko wadda ke gindi ana nutsa mata ragar waya marar tsatsa a cikin narkakkiyar robar, a rufe ta da wani ciko. Ba a watsa wa liƙi ruwa don ya yi saurin hucewa, barinsa ake yi ya huce da kansa. Akwai wata foliyetilin da aka ɗaure ƙwayoyinta tun a masana'anta, wadda ba ta narkewa yadda za ta haɗu, ita waldar wuta ba ta yi mata.

Sai dai yawancin jiragen zamani da ake gani a ruwayen arewacin Najeriya ba na wannan roba ba ne, na faiba ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da danƙo mai daskarewa. Mutane kan kira su duka roba, amma faiba tana cikin dangin da ba sa sake narkewa. Wanda ya sa mata wuta ƙona ta zai yi. Facinta shi ne a goge wurin da sanfefa, a shimfiɗa sabon zaren gilashi falle bisa falle, ana shafa danƙon da aka gauraya da maganin daskarewa. A madatsun Kano da Jigawa har yanzu kwale-kwalen katako ne ya fi yawa, don haka kafinta da kwalta ba su rasa aiki ba. Inda roba ta fi shiga harkar ruwa shi ne a matsayin abin tasowa: jarka da gorar lemo sun maye gurbin duma a jikin koma da taru, kuma a lokacin ambaliya, irin wadda ta mamaye sassan Jigawa a 2022, duro da jarka na cikin abin da mutane ke dogaro da shi wajen tsallakar da kaya. Duk waɗannan a hannun mai liƙin roba na kasuwa suke ƙarewa idan sun fashe.

Kifewar jirgi a madatsar Watari da ke Ɓagwai a Jihar Kano, a ƙarshen Nuwamban 2021, wadda ta ci rayukan mutane da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ta nuna cewa ƙaramin ruwan madatsa ma yana kisa. Lodi fiye da ƙima aka fi ɗora wa alhakin irin waɗannan haɗurra, amma tsufan jirgi da faci a kan faci suna rage nauyin da zai iya ɗauka tun kafin a yi lodin. Bokitin da liƙinsa ya buɗe asarar ruwa ce kawai, jirgi kuwa ba haka ba ne. Shi ya sa ƙa'idar aikin ita ce a gwada jirgin da aka liƙe babu kowa a ciki, a ruwa marar zurfi, sa'an nan a ɗora masa nauyi a sake dubawa kafin ya ɗauki mutum. Jirgin da rana ta riga ta cinye jikinsa, ko wanda tsagarsa ta dawo a wurin da aka taɓa liƙewa, ba ya komawa ɗaukar fasinja ko da wace irin na'ura aka yi masa aiki.